Gajiyar ƙarfe a ƙusa mai zare

Gajiyar ƙarfe a ƙusa mai zare wata irin karaya ce da take samun ƙusoshin da ake ɗaurewa da noti, idan nauyin da ke kansu yana hawa yana sauka sau dubbai ko miliyoyi. Tana farawa ne da 'yar ƙaramar tsaga wadda ido ba ya gani, tsagar ta riƙa ci gaba a hankali, har sai ragowar ƙarfen ya kasa ɗaukar nauyin ya ɓalle farat ɗaya. Abin da ya bambanta ta da sauran nau'o'in karaya shi ne, nauyin da ke jawo ta bai kai wanda zai iya tsinka ƙusar a ja ɗaya ba. Shi ya sa ƙusa takan yi watanni ko shekaru tana aiki lafiya, sannan ta karye a ranar da ba a ɗora mata wani abu da ya wuce na kullum ba.

Idan ƙusa ta karye, akan yi saurin cewa ƙarfen ne ba shi da kyau. Wani lokaci hakan gaskiya ne, domin akwai aibobin da ƙusa take fitowa da su tun daga masana'anta. Amma a mafi yawan lokuta injiniyoyi suna samun cewa matsalar daga ɗauri take, wato ƙusar ba ta matsu yadda ya kamata ba, ko ta saki daga baya. Fuskar da ƙarfen ya rabu a kai tana ɗauke da alamomin da za su nuna wanne ne ya faru, kuma sanin hakan ne yake hana a sa sabuwar ƙusa ita ma ta karye a wuri ɗaya.

Suna da kalmomi

A bakin makanikai da direbobi na ƙasar Hausa, kalmar "noti" takan ɗauki duka biyun, wato sandar da ke da zare a waje da kuma zoben da ke da zare a ciki. A wannan maƙala an raba su: "ƙusa" ita ce sandar, ko mai kai ce ko marar kai, "noti" kuma shi ne zoben da ake murzawa a kanta. "Zare" shi ne tudu da kwarin da suka nannaɗe jikin ƙusar, wanda makanikai kuma suke kira "tiredi". "Gindin zare" shi ne ƙasan kwarin da ke tsakanin tudu biyu. Kalmar "gajiya" kuwa aro ce daga halin ɗan Adam. Ƙarfe ba ya gajiya ta yadda hutu zai warkar da shi: tsagar da ta riga ta fara ba ta haɗewa ko da an ajiye injin shekara guda.

Tarihi

An fara lura da wannan matsala ne a ma'adinai da jiragen ƙasa na Turai. A shekarar 1837 Wilhelm Albert, wani jami'in ma'adinai a Clausthal ta ƙasar Jamus, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi wa sarƙoƙin da ake jan kaya da su, ta hanyar ɗora musu nauyi ana saukewa sau da yawa. A ranar 8 ga Mayu 1842 gatarin ƙafafun wani kan jirgin ƙasa, wato sandar da ke haɗa ƙafa biyu, ya karye a hanyar Versailles zuwa Paris a Faransa, mutane fiye da 50 suka mutu. Shekara guda bayan haka injiniyan Sikotland William Rankine ya nuna cewa irin waɗannan sanduna suna karyewa ne a wuraren da kaurinsu ya canja da kusurwa mai kaifi.

August Wöhler, injiniyan jiragen ƙasa a Jamus, ya shafe shekaru daga wajen 1850 zuwa 1870 yana gwada sanduna, ya kuma tabbatar da cewa yawan hawa da saukar nauyi ne yake kashe ƙarfe, fiye da girman nauyin shi kaɗai. A wancan zamani mutane da yawa sun ɗauka cewa ƙarfen yana rikiɗewa ne ya zama kamar gishiri saboda girgiza. A 1903 Ewing da Humfrey suka duba ƙarfe da madubin ƙara girma suka ga cewa ƙananan zamewa ne a cikin ƙwayoyin ƙarfen suke zama tsaga.

A ɓangaren zare kuma, Joseph Whitworth ya fito da ma'aunin zare na bai ɗaya a Ingila a 1841, mai kusurwa digiri 55, William Sellers kuma ya kawo mai digiri 60 a Amurka a 1864. Zaren mita da ya fi yawa a motoci da injuna a Nijeriya yau, mai alamar M, shi ma digiri 60 ne.

Yadda ƙusa take riƙe abu

Ƙusar da aka ɗaure tana aiki ne kamar sifirin mai tauri ƙwarai. Idan aka murza noti, ƙusar tana miƙewa kaɗan, sai ta matse ƙarafan da ke tsakanin kanta da notin. Wannan matsi da ake kira ɗaurin farko shi ne yake kare ta daga gajiya. Muddin ƙarafan suna manne da juna, yawancin nauyin da ke zuwa daga waje yana ƙarewa ne wajen rage matsin da ke tsakaninsu, kaɗan ne kawai yake isa ga ƙusar.

Misali, ƙusa M12 mai daraja 8.8 tana iya ɗaukar kusan tan 6.9 kafin ta tsinke, kuma akan ɗaure ta zuwa wajen tan 3.7. A ce wani inji yana jan mahaɗar da tan 1 yana saki a kowane juyi. Idan mahaɗar ƙarfe ce mai kauri kuma a matse take, ƙusar za ta ji canjin kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na wannan nauyi, wato wajen kilo 200. Idan kuwa notin ya saki, duka kilo 1,000 ɗin ne za su riƙa dukan ta a kowane juyi. Wannan bambanci babba ne, domin a ƙusa mai zare ninka girman hawa da saukar nauyi sau biyu yana iya rage tsawon rayuwarta kusan sau takwas. Ke nan sako-sakon ƙusa ta fi matsattsiya saurin karyewa, duk da cewa matsattsiyar ce take ɗauke da nauyi mafi yawa.

Wani abin lura kuma shi ne, ƙarfin da ake sa wa sifana ba duka yake zama matsi ba. Kusan rabinsa yana ƙarewa a gogayyar da ke ƙarƙashin noti ko kan ƙusa, kusan kashi 40 cikin 100 a gogayyar zare, kashi 10 kacal ne yake miƙa ƙusar. Don haka tsatsa ko ƙura a zare suna iya sa makaniki ya ji noti ya yi tauri alhali ƙusar ba ta miƙe ba, giris kuma yana iya sa a wuce gona da iri ba a sani ba.

Lambobin da ke kan ƙusa suna nuna darajarta bisa ma'aunin ISO 898-1. A 8.8, lambar farko tana nufin ƙarfin tsinkewa megafaskal 800, ta biyu kuma tana nufin ƙarfen zai fara miƙewar da ba ta komawa a kashi 80 cikin 100 na wannan, wato 640. Darajojin da aka fi gani su ne 4.6, 8.8, 10.9 da 12.9.

Inda tsaga take farawa

Gajiya tana da matakai uku: farawar tsaga, ci gabanta, da ɓallewar ƙarshe. Tsaga tana farawa a inda nauyi ya taru a ƙaramin wuri, kuma ƙusa tana da irin waɗannan wurare guda uku. Littattafan ƙirar injuna sun daɗe suna kawo rabon karayar kamar haka: kusan kashi 65 cikin 100 a zaren farko da ya shiga noti, kashi 20 a inda zare ya ƙare ya haɗu da santsin jikin ƙusa, kashi 15 kuma a wuyan da ke ƙarƙashin kai.

Dalilin da ya sa zaren farko ya fi shan wahala shi ne nauyi ba ya rabuwa daidai a cikin noti. Zaren farko shi kaɗai yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku, na biyu ya ɗauki ƙasa da haka, waɗanda ke can ƙarshe kuwa kusan ba sa ɗaukar komai. Saboda haka karaya a daidai fuskar noti abu ne da aka saba gani ko a ƙusa mai kyau. Karaya a wani wuri dabam, kamar tsakiyar santsin jiki ko cikin kai, ita ce ta fi sa a yi zargin aibi, ko tsatsa, ko wani rauni da aka yi wa ƙusar.

Karanta fuskar karaya

Fuskar da gajiya ta karya tana da sassa biyu da ido zai iya bambantawa. Na farko mai laushi ne kuma shimfiɗaɗɗe, sau da yawa ya yi duhu saboda mai ko tsatsa sun daɗe suna shiga. A kansa akan ga layuka masu lanƙwasa, ɗaya bayan ɗaya, irin waɗanda ruwan rafi yake bari a yashin gaɓa idan yana janyewa bayan damina. Kowane layi yana nuna inda tsagar ta tsaya lokacin da aka kashe injin ko nauyin ya canja. Idan aka bi layukan baya zuwa inda suka fi ƙanƙanta, za a isa mafarin tsagar. Sashe na biyu mai kaushi ne kuma sabo, mai haske, shi ne wanda ya ɓalle a daƙiƙar ƙarshe.

Girman sassan biyu yana ba da labari. Idan sashe mai laushi ya cinye kusan duka fuskar, nauyin da ke kan ƙusar kaɗan ne kuma tsagar ta daɗe tana tafiya. Idan sashe mai kaushi ne ya fi yawa, nauyin yana da girma. Tsagar da ta faro daga gefe ɗaya tana nuna ana lanƙwasa ƙusar zuwa ɓangare guda, kamar idan fuskar da noti ya zauna a kai ba daidai take ba. Tsaga biyu da suka faro daga gefuna masu fuskantar juna suna nuna ana kaɗa ƙusar gaba da baya, abin da ke faruwa idan mahaɗa tana zamewa. Ƙananan matakai masu kama da haƙoran zarto a kewayen baki suna nuna cewa tsagogi da yawa ne suka fara a lokaci guda suka haɗe.

Sauran nau'o'in karaya suna da tasu kamar. Ƙusar da aka ja fiye da ƙarfinta takan miƙe ta sirance a wurin karayar, tazarar zarenta ta buɗe, fuskar kuma ta yi kaushi gaba ɗaya. Wadda aka murɗe da sifana har ta tsinke takan bar fuska a shafe mai alamar juyi. Wadda gautsi ya karya ba ta miƙewa ko kaɗan, fuskarta tana ƙyalli kamar an fasa dutse, kuma babu layukan gaɓa.

Akwai kuma shaidu a wajen fuskar. Jan gari mai kama da garin bulo a kewayen rami, ƙyalli a ƙarƙashin kan ƙusa, rami da ya zama kamar ƙwai, da shatin zare a jikin ramin, duk suna nuna cewa mahaɗar ta daɗe tana motsi, wato ɗaurin ya saki kafin karayar.

Aibobin ƙira

Ana ƙera yawancin ƙusoshi daga waya mai kauri. Inji yana yanke ta, ya buga kai ba tare da an gasa ba, ya murza zaren tsakanin faranti biyu masu tsagi, sannan a gasa ƙusoshi masu daraja 8.8 zuwa sama a tsoma su a mai ko ruwa, a sake ɗumama su don rage gautsi. Wannan shi ne abin da maƙeran gargajiya suke kira ban ruwa. A ƙarshe akan shafa musu zinki don hana tsatsa. Kowane mataki yana da aibin da zai iya haifarwa.

Kabu wani dogon layi ne a tsawon ƙusar, wanda ya taho tun daga wayar. Yakan buɗe ya zama tsaga a gefen kai lokacin da ake buga shi.

Ninki yana faruwa idan farantan murza zare ba su daidaita ba, sai wani ɓangaren ƙarfe ya kwanta a kan wani ba tare da sun haɗe ba. Ninki a saman tudun zare ba shi da haɗari sosai, amma a gindin zare tamkar tsaga ce da aka riga aka fara. Ma'aunin ISO 6157 ya fayyace irin aibobin fata da za a iya yarda da su da waɗanda ba za a yarda ba.

Tsagar tsomawa tana faruwa idan ƙarfe ya huce da sauri fiye da kima. Ana gane ta da baƙin ɓawon da ke cikinta, wanda ya samu lokacin ɗumamawa ta biyu, abin da ke tabbatar da cewa tsagar ta girmi ranar da aka fara amfani da ƙusar. Ba a yarda da ita ko yaya ƙanƙantarta take.

Zubewar kabon tana faruwa idan iskar da ke cikin tanderu ta cinye kabon ɗin fatar ƙarfen. Cikin ƙusar yana da tauri, amma fatar zaren ta yi laushi, a nan kuwa gajiya take farawa.

Gautsin haidirojin yana samun ƙusoshi masu tauri sosai, musamman 12.9. Lokacin wanke ƙusa da asid ko shafa mata zinki da lantarki, haidirojin yana shiga ƙarfen. Idan ba a gasa ta na wasu sa'o'i a zafin wajen digiri 200 don fitar da shi ba, takan karye ita kaɗai cikin sa'o'i ko kwanaki bayan an ɗaure ta, ko da injin bai motsa ba. W. H. Johnson ne ya fara bayyana tasirin haidirojin a kan ƙarfe a 1875.

Wuya mai kaifi, wato rashin 'yar lanƙwasar da ya kamata ta kasance tsakanin kai da jiki, yana sa kai ya fita. Haka kuma zaren da aka yanka da inji bai kai wanda aka murza juriya ba, domin yanka yana katse jijiyar ƙarfen ya kuma bar gindi mai kaushi, murzawa kuwa tana danne gindin ta ƙara masa ƙarfi.

Akwai kuma jabu, wato ƙusar da aka buga wa 8.8 ko 10.9 a kai alhali ƙarfenta na ƙaramar daraja ne ko ba a yi mata ban ruwa daidai ba. Yawaitar irin waɗannan ne ya sa Amurka ta kafa dokar ingancin ƙusoshi a 1990.

Matakan bincike

Mataki na farko shi ne adana shaida. Ba a haɗa gutsuren biyu a gwada ko sun dace, domin gogayya tana share alamomin. Ba a kankare fuskar da burushin waya ko takardar yashi. Ana ajiye gutsuren duka, da notin, da wosha, da sauran ƙusoshin da ke mahaɗar ko da ba su karye ba, a kuma rubuta ramin da kowace ta fito.

Na biyu shi ne tarihin ƙusar: yaushe aka sa ta, wa ya ɗaure ta kuma da wane irin sifana, sau nawa aka kwance ta, da tsawon lokacin da ta yi kafin ta karye. Karaya a lokacin ɗauri tana nuna wuce kima ko ƙarfe mai rauni. Karaya bayan kwana ɗaya ko biyu ba tare da aiki ba tana nuna haidirojin. Karaya bayan watanni na aiki tana nuna gajiya.

Na uku shi ne gano wadda ta fara karyewa idan ƙusoshi da yawa ne suka tafi. Ita ce mai sashen laushi mafi faɗi kuma mafi duhu. Sauran galibi sun tsinke ne saboda nauyin ya koma kansu.

Na huɗu shi ne gwaji. Ana neman ɓoyayyun tsagogi da ruwan rini mai shiga tsaga, ko da garin ƙarfe da maganaɗisu, ko da na'urar sauti mai ratsa ƙarfe. Tsohuwar dabarar ma'aikatan jirgin ƙasa ita ce a jiƙa ƙarfe da mai da aka sirka da kananzir, a goge, a shafa farin alli, sai man da ya ɓuya a tsaga ya fito ya ɓata allin. Gwajin tauri yana tona asirin jabu: a ma'aunin Rockwell C, ƙusa 8.8 da ba ta wuce M16 ba tana tsakanin 22 da 32, 10.9 tana tsakanin 32 da 39, 12.9 kuma tsakanin 39 da 44. A ɗakin gwaji akan yanka ƙusar a tsaye a goge a duba da madubi don ganin ninki ko zubewar kabon, madubin lantarki kuma yana nuna ƙananan layukan da kowane hawa da saukar nauyi ya bari.

Ƙa'idar da masu bincike suke bi ita ce, samun aibi a jikin ƙusa bai isa a ɗora masa laifi ba. Sai an ga cewa aibin yana daidai mafarin tsagar. Haka kuma gajiya da aibi ba kishiyoyi ba ne: ninki a gindin zare yana iya zama mafari, sakin ɗauri kuma ya zama abin da ya tura tsagar gaba.

Misalai daga duniya

A ranar 8 ga Satumba 1989 jirgin saman kamfanin Partnair ƙirar Convair 580, da ya tashi daga Oslo zuwa Hamburg, ya faɗa teku kusa da gaɓar Denmak, mutane 55 suka mutu. Masu bincike na Norway sun gano cewa uku daga cikin ƙusoshi huɗu da ke riƙe da wutsiyar jirgin jabu ne, ba a gasa su daidai ba.

A ranar 10 ga Yuni 1990 gilashin gaban wani jirgin British Airways da ya tashi daga Birmingham ya fita a sama, iska ta ja matuƙin har rabin jikinsa ya fita waje, amma ya rayu. Daga cikin ƙusoshi 90 da aka sa wa gilashin, 84 sun gaza kaurin da ake buƙata da milimita 0.66, sauran 6 kuma sun gaza tsawo. An zaɓe su ne ta hanyar gwada su da tsofaffin da ido.

A ranar 12 ga Maris 2009 jirgi mai saukar ungulu ƙirar Sikorsky S-92 ya faɗa teku kusa da Newfoundland a Kanada, mutane 17 cikin 18 suka mutu. Biyu daga cikin ƙusoshin titaniyam uku da ke riƙe da murfin matatar man giya ne suka karye, man ya tsiyaye. Binciken ya nuna cewa zarensu ya ci saboda yawan kwancewa da ɗaurewa, matsin ya ragu, gajiya ta biyo baya. An maye gurbin irin waɗannan ƙusoshi da na baƙin ƙarfe.

A watan Maris 2013 manyan ƙusoshi 32 cikin 96 na sabuwar gadar da ta haɗa San Francisco da Oakland a Amurka sun karye cikin kwanaki bayan an ɗaure su, tun kafin a buɗe gadar. Gautsin haidirojin ne ya jawo.

A Zariya da kewaye

Zariya gari ne na sufuri, don haka wannan matsala ba baƙuwa ba ce a cikinta. Babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta ratsa ta gefen Wusasa da Ɗan Magaji, a wajen ganuwar tsohon birni, kuma tireloli da tankokin mai suna bin ta dare da rana. Ƙusoshin tayar babbar mota suna daga cikin waɗanda gajiya ta fi kamawa. Yawancin manyan motocin zamani suna da ƙusa 10 a kowace ƙafa, masu zare M22, waɗanda ake ɗaurewa zuwa wajen niyutan-mita 600. A bakin hanya akan ɗaure su ne da dogon bututu da aka zura wa sifana, mutum ya hau kai da nauyinsa. Ta haka wata ƙusar takan wuce kima ta miƙe, wata kuma ta gaza. Ƙasa, tsatsa ko sabon fenti da suka rage tsakanin wili da mazauninsa sukan murƙushe bayan an yi 'yar tafiya, sai matsin ya ragu. Shi ya sa masu ƙera motoci suke cewa a sake duba notin taya bayan kilomita 50 zuwa 100 da canja ta. Layin tsatsa da ya fito daga gindin noti ya miƙe zuwa bakin wili alama ce ta cewa notin yana motsi. Idan ƙusa ɗaya ta karye, maƙwabtanta na dama da hagu sun riga sun ɗauki nauyin da ya fi nasu, don haka akan canja su tare.

Irin wannan yana faruwa a injin niƙa, janareta, injin ban ruwa na fadama, babur da Keke Napep, musamman masu silinda ɗaya da suke da girgiza sosai. Gerhard Junker ya nuna a 1969 cewa girgizar da ke tura mahaɗa gefe da gefe ita ce ta fi saurin kwance noti, kuma gwajin da ake yi wa na'urorin kulle noti har yau sunansa yake ɗauke da shi.

Layin dogo ya iso Zariya ya wuce Kano a 1911, daga baya aka ja reshe zuwa Gusau da Ƙaurar Namoda. A tsohon layi irin wannan ana haɗa dogo da dogo ne da faranti biyu da ƙusoshi, kuma kowace ƙafar jirgi da ta wuce tana dukan mahaɗar. Hatsarin Brétigny a Faransa a ranar 12 ga Yuli 2013, inda mutane 7 suka mutu, ya faru ne bayan irin wannan faranti ya kwance daga ƙusoshinsa ya shiga mararrabar dogo.

Garin yana da cibiyoyin da ake koyar da wannan ilimi. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da sashen injiniyan injuna da na ƙarafa a Samaru. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da injiniyoyin gyaran jirage, fannin da ba a sa ƙusa sai an tabbatar da lambarta da takardar asalinta. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya ma a Zariya take tun 1986. A matakin ƙasa, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, ita ce ke da alhakin ma'aunan kayan da ake ƙerawa ko shigowa da su.

A kasuwannin kayan gyara, kamar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, ana samun sababbin ƙusoshi da kuma waɗanda aka kwance daga tsofaffin motoci da injuna. Tsohuwar ƙusa ta asali tana iya fin sabuwar jabu ingancin ƙarfe, amma ba a san yawan juyin da ta riga ta sha ba, tsagar gajiya kuma ba ta ganuwa a gindin zare mai datti.

Rigakafi

Hanya mafi inganci ita ce ɗauri daidai da sifana mai awo, bisa adadin da mai ƙera injin ya bayar, a kan fuska mai tsabta da ta zauna daidai. Ana ɗaure ƙusoshin taya ko na kan inji ne a tsallake, a zagaye biyu ko uku. Doguwar ƙusa ta fi gajera riƙe matsi, domin ta fi miƙewa. Ba a sake amfani da ƙusoshin da aka ƙera don a ɗaure su har su miƙe, kamar na kan silinda da na sandar fistan a injuna da yawa na zamani. Ba a yi wa ƙusa mai daraja walda ko a gasa ta da wuta, domin zafi yana ɓata ban ruwanta. Noti ya kamata ya dace da darajar ƙusar, wato noti mai lamba 8 ga ƙusa 8.8, mai lamba 10 ga 10.9.

Sauya ƙusa 8.8 da 12.9 ba ya magance gajiya idan ɗaurin ne yake saki, yana ma iya ƙara haɗarin gautsi a wurin da ke da danshi. Idan ƙusa ta karye sau biyu a rami ɗaya, abin da ya kamata a bincika shi ne mahaɗar kanta: daidaiton fuskokinta, girman raminta, da girgizar da ke isa gare ta.